Farfelar da Ɗana Ya Ba Ni Ta Nutse

Zuwa ga Mama Purotu,

Don Allah ki taimake ni, Mama, kaina ya kulle. Na san yawancin masu rubuto miki rigimar gado da ta aure ce ke kawo su, amma an ce mini kin daɗe a shagon injin jirgin ruwa na marigayi mijinki kafin ki kama alƙalami. Ke kaɗai ce zan kawo wa wannan magana ba a yi mini dariya ba. Tambayata a kan farfela ce, sai dai ki yi haƙuri, sai na zagayo kafin in iso. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ni masunci ne, na haura sittin. Tun ina saurayi wani kifin teku mai gudu da ake kira mahimahi nake bi da mashi, ni kaɗai a goshin jirgi, hannu ɗaya a kan sandar tuƙi, ɗaya riƙe da mashi. Kifi ya karya dama in karya, ya karya hagu in bi shi, har ya gaji ya taso sama in soke. A sana'ar nan gudu a miƙe ba ya ba ka abinci. Abin da kake so shi ne kana ba inji wuta jirgi ya zabura nan take, in ka sha kwana kuma kada gindinsa ya zauna cikin ruwa.

Allah bai ba mu haihuwa ba, ni da matata Roiti. Ƙanwarta ce ta ba mu yaro tun daga yaye, bari in kira shi Vetea, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Ban taɓa ce masa ɗan riƙo ba, ɗana ne. Yaro mai hankali, mai hannu, ya fi ni iya gyaran rufin ɗaki tun yana makaranta. Teku ce kawai ta ƙi shi. Da mun wuce ƙofar duwatsun murjani zuwa babban ruwa sai amai, ya kwanta kusa da akwatin ƙanƙara har mu dawo. Ni ban damu ba. Amma muna da maƙwabci, Marurai, tsoho mai bakin tsiya, in mun iso gaɓa sai ya leƙa jirgi ya ce, "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma fa sai in ita ta haifa." Mutane su kwashe da dariya. Na taɓa shaƙe shi a kan haka, bai daina ba. Vetea yana girma ya tattara ya tafi aikin ma'adinai a birnin Numeya, can ƙetaren teku, ya yi aure can, zuwansa gida sai jefi-jefi.

To bara na ɗaura sabon inji mai ƙarfin doki ɗari biyu. Ranar da fasto zai yi wa jirgin addu'a, sai ga Vetea ya sauka da wani akwati a kafaɗa. Bayan an tashi daga coci duk ƙauye ya taru a bakin ruwa, an rataya wa jirgi furanni, mata sun kawo ɗanyen kifi da madarar kwakwa. A gaban kowa ya buɗe akwatin. Farfela ce ta farin ƙarfe mara tsatsa, fiffike uku, tana ɗaukar ido kamar madubi. Ya ce, "Baba, na daɗe ina bincike, wannan ita ce ta fi kowacce gudu. Yau dai Baba Marurai ba zai ce ban san jirgi ba." Da murmushi ya faɗa. Da kansa ya ɗaura ta, fasto ya ɗora hannu a kanta ya yi addu'a, Roiti tana ta sharar hawaye. Ina duba lambar takunta, wato incin da take tura jirgi a juyi ɗaya, na ga ashirin da uku, gabana ya faɗi. Tsohuwar tawa ta alminiyam sha tara ce. Na rungume shi na ce madalla, me zan ce?

Mama, kin san sauran. Takunta ya yi wa jirgina tsawo. Jirgi ɗauke da ƙanƙara da mai da ni kaina, in na ba shi wuta sai ya ɗaga goshi yana nishi kamar mai hawan dutse da kaya, allurar agogon da ke auna juyin inji ba ta wuce dubu huɗu da ɗari takwas. In ya samu ya miƙe a kwantaccen ruwa, to lallai yana gudu, yaron bai yi ƙarya ba. Amma mahimahi ba a miƙe yake gudu ba. Kifi nawa na gani da idona ya tsere ina jiran jirgi ya tashi! Na haƙura da wannan, kifi ai kifi ne. Sai wata rana ina shigowa ƙofa, igiyar ruwa ta taso a bayana, na danna wuta don in zauna a bayan ta gaba, jirgi ya tsaya yana tunani. Ruwa ya haye gindin jirgi ya cika ni har gwiwa, ya juya ni a karkace, ina ganin murjani a ƙarƙashina. Allah ne ya fitar da ni, ba iyawata ba. Ban gaya wa kowa ba.

Ki ce me ya hana in cire ta. A wurinmu jirgi a kan katako ake ɗage shi sama da ruwa a ƙofar gida, inji a ɗage, farfela a waje kowa na gani. Ranar da na cire ta, kafin rana ta faɗi Marurai ya kai labari ko'ina, kafin Lahadi ya isa Numeya. Yaron kuma duk waya sai ya tambaya, "Baba, ya farfela?" in ce sai godiya.

Sai na yi dabara irin ta wawaye. Kullum da safe in fita da tasa, in zagaya bayan wani ɗan tsibiri inda ruwa bai wuce ƙugu ba, in sauka in kwance ta in ɗaura tsohuwata. Da yamma in sake tsayawa in mayar da tasa, in shigo gida tana walƙiya. Tsoho da ni, da furfura, ina laɓe-laɓe da sifana kamar ɓarawon inji. Haka na yi wata da watanni. Roiti ta gane daga jiƙaƙƙen wando, ta dube ni ta ce, "Kai dai ka haukace, tsoho," amma ba ta hana ni ba.

Makon jiya na dawo na tarar jikokin Marurai sun kafa tanti a tsibirin suna gasa kifi. Maimakon in haƙura, sai na koma wajen ƙofa, a zurfi, na ɗage inji na sunkuya ta baya zan yi canjin a can. Igiya ta girgiza jirgi, hannuna da man inji, farfelar Vetea ta suɓuce mini. Mama, ina kallonta tana juyawa tana ƙyalli tana tafiya ƙasa har ta ɓace. Wurin nan ko masu nutso da tukunyar iska ba sa kai ƙasansa. Na zauna a jirgi na yi kuka kamar an yi mini mutuwa, ba na jin kunyar faɗa miki. Yanzu na lulluɓe inji da buhu, na ce wa mutane na kai ta birnin Papeete a goge.

Ga inda gizo ke saƙar. Vetea zai zo Kirsimeti da matarsa da 'yarsa Heipua, shekararta huɗu. Ya ce burinsa ɗaya, mu fita da ita ta ƙofa ta ga babbar teku a jirgin kakanta, da farfelar ubanta, ko shi zai yi ta amai. Kirsimeti kuwa lokacin igiyar arewa ne, ƙofarmu ba ta da kirki. Roiti ta ce in je Papeete in sayo irinta sak, ashirin da uku, in rufe bakina, don yaron nan ya sha wuya kafin ya ɗaga kai a garin nan, kada in zama ni na tabbatar da maganar Marurai. Gaskiya ta faɗa. Amma ranar yana cikin jirgi, ba tsibirin da zan laɓe, da ita zan ratsa ƙofa da jikata a zaune. In kuma na sayi wadda ta dace, dole in gaya masa kyautarsa ba ta yi ba, kuma na jefar da ita a teku. Gaba kura baya sayaki. Abinci ba ya shiga, fita kamun ma ta fita raina. Wacce zan saya, Mama?

Tsohon mai mashi

*

Baba mai mashi,

Na karanta wasiƙarka, ban yi dariya ba. Na tausaya maka, na kuma ji haushinka, don sunkuyawar da ka yi a wajen ƙofa kai kaɗai, da kai ne ka bi farfelar, da yanzu Roiti ce ke rubuto mini.

Mu fara da ƙarfen, shi ya fi sauƙi. Kada ka sayi ashirin da uku. Duba littafin injinka, za ka ga inda ake son allura ta kai in an ba shi wuta duka, irin naka yawanci tsakanin dubu biyar da ɗari biyar ne zuwa dubu shida. Kai kana tsayawa ƙasa da dubu biyar, wato kana shaƙe injin, yana shan mai yana tsufa. Duk inci ɗaya da ka rage a taku, allura na ƙaruwa da wajen ɗari biyu. Sha tara ita ce gidanka, tsohuwarka ta riga ta shaida. Ga mai bin kifi da kwana da ratsa ƙofa, zan so ka gwada mai fiffike huɗu ta farin ƙarfe, sha takwas ko sha tara. Za ka rasa ɗan gudu a miƙe, amma tana kama ruwa a kwana, tana ɗaga jirgi da wuri. Kada ka biya sai mai shago ya yarda ka gwada ka canza, kuma ka gwada da cikakken kaya, ba jirgi fayau ba. Ta alminiyam ta zauna a jirgi don ko-ta-kwana, da noti da abin maƙale shi. Canjin farfela a zurfi kuma ya ƙare daga yau.

Yanzu ga mai wuyar. Roiti ba ta yi kuskure ba da take tsoro, ita ta share wa yaron hawaye duk ranar da maƙwabcinku ya buɗe baki. Zai ji ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Amma ku auna abu biyu. A ɗaya hannun fushin Vetea, a ɗayan 'yarsa a ƙofa da jirgin da ka riga ka san ba ya amsawa. Ka tambayi kanka wanne shi zai zaɓa da ya san abin da ya same ka ranar nan. Uba ne yanzu, yana da hakkin ya sani.

Kuma ka cire maganar jini daga ranka, don na ga kai ma ta fara kama ka. Na tsaya a bayan kantar shago na ga 'ya'yan masunta, jikokin masunta, suna dawo da farfela ta biyu da ta uku. Ba wanda ke cin wannan daga nesa, sai ya san nauyin jirgi da inda allura ke tsayawa. Vetea bai samu wanda ya gaya masa waɗannan ba. Abin da ya nema shi ne ka ɗauke shi wanda za a yi maganar jirgi da shi, ku kuwa kuka yi ta lallaɓa shi kamar ƙwai. In ya gano ƙaryar da kansa, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, abin da zai fahimta shi ne ubansa ma bai ga ya isa a gaya masa gaskiya ba. Wannan zai fi bakin maƙwabci zafi.

Ka kira shi tun kafin ya taso, kada ka bari sai ya sauka gaban mutane. Ka fara da ranar da ruwa ya haye ka, sannan laɓe-laɓen, sannan nutsewar, kada ka rage komai. Ka karanta masa lambobin, ka ce kana son ku je shago tare in ya iso, shi ya sa ido a agogon inji a wurin gwaji a cikin kwantaccen ruwa, inda amai ba zai dame shi ba. Ranar fita da yarinya kuma a sa mata rigar hana nutsewa, in ƙofa ta yi fushi a fasa, ko wace farfela ce a jiki.

Ban yi maka alkawarin zai ce ba komai ba. Yana iya kashe wayar, yana iya fasa zuwa bana, ku ci Kirsimeti ku biyu a gida shiru. In haka ta faru, ka daure, ka ci gaba da kira. Ɗan da ya yi fushi ana sa ran dawowarsa wata shekara. Wanda ya rasa 'ya a jirgin ubansa, ban san da wace fuska zai sake taka garin ba, ban kuma san yadda kai za ka rayu ba.

Allah ya sanyaya masa zuciya, ya ba ka ƙarfin ɗaga wayar. Ka gaishe mini da Roiti, ka ce ta zauna kusa da kai lokacin da za ka kira.

Mama Purotu