Tafin Aji Biyu Zai Raba Ni da Mutanen Kebbe

Ya Baba Na'iya,

Don Allah ka agaje ni da shawara, saura kwana tara a koma makaranta kuma ban san da wace fuska zan shiga aji ba.

Ni mutumin Tambuwal ne. Bara, shekarar da anka samu mulkin kai, na ƙare kwalejin horon malamai, hukumar gargajiya ta En'e ta turo ni makarantar elementare a Kebbe, anka ba ni aji biyu. Yara talatin da huɗu a rajista, amma da wuya in ga ashirin, sauran suna gona ko bayan shanu. Waɗanda sunka zo ma gyangyaɗi suke. Wata rana ina fama da su kan lissafi, sai mata sunka fara lugude a gidan da ke bayanmu, na ga yaran nan duk sun farka suna buga benci da yatsu daidai da taɓaren. Sai na ajiye alli na raba su biyu, waɗannan su tafa sau biyu, waɗancan sau uku, kowa ya buga ƙafa a ta huɗu. Da haka munka haddace lissafin sau biyu da sau uku cikin mako guda. Kafin hutu yara talatin ke zuwa. Hedimasta, Malam Jumare, ya ji daɗi har ya sa abin cikin jadawali a matsayin darasin waƙa, ya kuma rubuta wa mai duba makarantu ya zo ya gani idan an dawo.

To, ran kasuwar Tambuwal da ta wuce na gamu da Ɗanmaliki, wani dattijo mai shanu daga Kebbe. Ɗiyarsa Bara'atu na ajina, ɗaya daga cikin 'yan mata huɗu kacal da muke da su, kuma ta fi kowa kai. A gaban mutane ya ce shi bai ba da ɗiya don a mayar masa da ita zabiya ba, in ya sake jin kiɗa daga makaranta ta bar zuwa ke nan. Na san in ya cire ta, sauran ukun ma sun tafi, don ganinsa iyayensu sunka yarda tun farko.

Maganar ta kai kunnen mahaifina. Maimakon ya kira ni, sai ya faɗa wa Inno, yayarsa, cewa tun kakanni ba a taɓa makaɗi a gidanmu ba. In na gaishe shi yanzu amsa guda yake yi ya juya.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Ni ina son abin nan, Baba. Tun ina yaro nake kifa ƙwarya in buga a ɓoye, na sha bulala a kai. Cikin hutun nan har na tanadi ƙore shida da 'yan duma masu tsakuwa don sabon zango, suna cikin buhu a ɗakina. In na bari, yara za su watse, in kunyata hedimasta. In na ci gaba, na rasa Bara'atu, wataƙila da mahaifina.

Naka,
Malamin Aji Biyu

Malam,

Ka kwantar da hankalinka. Kwana tara sun isa, in yau ka fara.

Dabararka mai kyau ce. Malamin da ya ƙara yara goma a aji ba tare da bulala ba, ya san aikinsa. Amma kada ka ɗauki Ɗanmaliki jahili. Mutumin da ya saki 'yarsa ta shiga boko alhali maƙwabta suna kallonsa ya riga ya yi abin da da yawa suka kasa. Abin da ya ji daga nesa shi ne tafi da shewa, ba wanda ya je ya gaya masa lissafi ake yi. Wannan laifinka ne.

Ƙoren nan kuwa, ka faɗa wa kanka gaskiya, don kanka ka saye su. Yara sun koyi sau uku da hannu da ƙafa, ba su nemi ƙari ba. Ka ba Inno ta yi awo da su. Son sauti mai daɗi ba abin kunya ba ne, amma aji ba wurin biyan buƙatarka ba ne.

Ka koma Kebbe kafin a buɗe. Ka fara da Malam Jumare, ka gaya masa komai, gara ya ji daga bakinka. Sannan ku je gidan Ɗanmaliki tare, ku gaishe shi, ka ba shi haƙuri, ka roƙe shi ya zo ran farko ya zauna a bayan aji. Abin da za ku tafa a kai ya zama ƙidaya, da ranakun mako, da sunayen garuruwa daga Sanyinna zuwa Jabo, ba waƙar dandali ba. In ya gani bai gamsu ba, Bara'atu ta riƙa faɗin lambobi, sauran su tafa. In ya ƙi hakan ma, ka ajiye tafin zangon nan. Mai duba makarantu yini ɗaya zai yi ya tafi, yarinyar nan kuwa in ta fita ba za ta dawo ba.

Mahaifinka ba fushi kaɗai yake ba, jira yake. Ka je ka durƙusa ka gaya masa abin da kake yi da dalilinsa, tun kafin ka hau mota.

Allah ya sanya albarka a zangon nan, ya cika maka aji, ya daidaita ka da iyayen yaranka da naka.

Baba Na'iya