Hoton da Inna Ta Gani

Zuwa ga ƙanena Akram, Tudun Ƙofa, Keffi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da iyalina. Ka sani da hannuna na rubuta wannan, ba wanda ya kama mini alƙalami.

Ina nan lafiya a cibiyar nakasassu a Legas, sai dai gajiya. Ana koya mana ciniki a wata kasuwa ta cikin kwamfuta, wadda ake shiga da tabarau na musamman. Ina da shagon huluna a ciki, malamanmu suna yaba tsarinsa, ko da yake masu saye ba su fara zuwa ba tukuna.

Na ji Inna ta raba waina sadaka saboda hoton da na turo, wai ta gan ni a tsaye. Akram, wannan siffata ce da kwamfuta ta zana a cikin kasuwar, kowa a can tsaye yake. Ƙafafuna suna nan yadda hatsarin ya bar su. Ka zaunar da ita ka faɗa mata a hankali kafin in dawo, domin ni bakina ba zai iya ba. Kuma ka sa a fasa dokin ƙofar zaure, don keken guragu ya wuce.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayanka,
Malam Abubakar Sadiq