Zanena a Kan Atamfa

Yaya Hadiza, assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya maigida da yara, yaya zaman Abijan? Mu nan lahiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Jiya a kasuwar Malanville na ga sabuwar atamfa mai hoton jiragen masuntan Garu. Zanena ne, Yaya, wanda na yi a shekarata ta ƙarshe a makarantar zane. Bashiru ɗan Kawu, da muka yi aji ɗaya, ya ara wai zai koya. Ashe wani kamfani ya kai wa a Kwatano da sunanshi, har suka ɗauke shi aiki. Da na kira shi, sai ya ce, "Haba Nura, gulbin naka ne kai kaɗai?"

Na kasa gaya wa Kawu. Ki sa ni a addu'a, zuciyata ta ƙi sanyi. Ki gaida kowa.

Ƙanenki, Nura.