A Mayar da Yayana Cikin Lissafinku

Zuwa ga Farfesa, shugaban masu binciken sankarar kai da wuya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali da aiki.

Ni ƙanwar Malam Kabiru ce, tela a Ƙofar Wambai, wanda sankarar maƙogwaro ta kawo asibitinku bara. Likitanku ya ce kuna duba ƙwayoyin gado a tsokar marasa lafiya, don gano alamun da ke nuna wanda magani zai karɓa da wanda cutar za ta ci da wuri. Bai ɓoye mana ba: Yaya ba zai amfana ba, sai na baya. Ni na fassara masa fom ɗin neman izinin ɗibar tsokarsa. Muryarsa ta riga ta tafi, sai ya rubuta mini a littafin awonsa: "Su ɗiba, Hauwa. Ni ma na sha rage ƙyalle a yadin mutane."

Na ɗaya: ya rasu a gida, a Mandawari, da hantsi, kuma kafin azahar an kai shi makwancinsa. Haka muke yi, haka za a yi mini, haka za a yi maka. Ba wanda ya ajiye gawa ya tafi neman takardar shaidar mutuwa.

Na biyu: makon jiya na je in sanar da ku. Ma'aikaciyarku ta buɗe kwamfuta, na ga an rubuta "ba a same shi ba". Wai an yi ta kiran wayarsa bai ɗauka ba. Farfesa, mutumin da ku da kanku kuka huda wa wuya don ya yi numfashi, shi kuke jira ya ce "halo"? Ta ƙara da cewa duk wanda ba a san ƙarshensa ba cire shi ake yi daga lissafin binciken, kuma maganata ba hujja ba ce sai da takarda.

Na uku: ƙididdiga na karanta a jami'a. Idan kuna neman alamar wanda zai mutu, amma kuna cire waɗanda suka mutu a gida, masu ɗaukar waya kawai kuke nazari. Sakamakon zai yi kyau matuƙa. Sai dai likitan da zai dogara da shi gobe zai yaudari mara lafiya bai sani ba.

Roƙona: ku karɓi shaidar mai unguwa da ta limamin da ya sallace shi, ku rubuta ranar rasuwarsa kusa da sakamakon tsokarsa. Nan gaba kuma ku riƙa karɓar lambar wani ɗan'uwa mai murya.

Takardun biyu suna jakata, da sa hannu da hatimi. Ranar Litinin zan kawo su. In an ce kana taro, zan zauna. Na saba da bencinku.

Allah ya ƙara basira, ya sa aikin ya amfani marasa lafiya.

Wassalam,
Hauwa, Mandawari, Kano.