Famfona Yana Cikin Rami

Zuwa ga mai girma Injiniyan da ke kula da ruwan layinmu,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da furannin ƙofar gidanka, waɗanda nake gani ana shayarwa kowace safiya in zan wuce aiki. Ni akawu ne, ina zaune a gidan ƙarshe can saman tudu, a layin ƙananan ma'aikata. Na biyo ta jarida ne don takardu uku da na aika ofishinka sun yi halin ruwanmu, sun shiga ba su fito ba.

Na farko. Bara da aka sa mana famfo, na je ƙauye na ɗauko mahaifiyata. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, tun tana yarinya take ɗaukar tulu daga rafi. Na cika baki a gaban dangi, na ce a Kaduna daga bango ruwa yake fitowa, Inna ta gama wahala. Wata biyu famfon ya fid da ni kunya. Daga nan ya soma tari, ya koma huci, har ya zama in ka murɗa shi sai ya yi ajiyar zuciya ya yi shiru.

Na biyu. Na kira Garba mai gyaran famfo. Ya kwance kan, ya sake robar ciki, ya hura bututun, ya kara kunnensa kamar likita. Ya ce famfona lafiyarsa ƙalau, ruwan ne ba shi da ƙarfin hawa tudu, tunda shi ba zai hau ba sai mu mu sauka. Ya yanke bututun ya dawo da shi daidai gwiwa, ruwa kuwa ya zo. Maƙwabcina na ƙasa, Malam Yohanna malamin makaranta, da ya ga nasa ya ragu, sai ya kira Garban nan dai ya sauke masa nasa har ƙasa. Nawa ya ƙafe. Na haƙa rami na sauke famfon ciki, shi ma ya haƙa. Mutumin kirki ne, ba mu taɓa sa-in-sa ba, amma yanzu in muna gaisawa kowa tarin ƙasar ɗan'uwansa yake leƙe ta kan katanga. Duk layin ya ɗauka, kowane gida da kabarinsa a tsakar gida. Nawa ya fi ni tsawo, har tsani na sa masa.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Ruwan da hantsi yake zuwa, ba ya kuma daɗewa, ni kuwa lokacin ina ofis. Matata tana da tsohon ciki, ba ta iya bin tsani. Saboda haka Inna ce take sauka da bokiti. Makon jiya ƙafarta ta zame, ta faɗa ciki ta gurɗe, ta yi ta kira har matar Malam Yohanna ta ji, aka taru aka fito da ita. Ina can ina buga takardun gwamnati a keken rubutu, uwata tana kwance a ramin da na haƙa da hannuna. Wallahi tunda nake ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ce rafin ƙauyenmu ba shi da tsani, ta kuma sa an ɗaure mata kayanta.

Na huɗu. Shekaranjiya duba-gari ya zo, ya leƙa, ya rubuta cewa na haƙa rijiya ba izini, sauro zai haihu a ciki, in cike ta kafin Asabar. Na nuna masa famfo a ƙasan ramin, ya ce famfo ba aikinsa ba ne. Na ruga ofishinka, masinja ya ce rami ba aikinku ba ne. Ni kaɗai ne ke nan a garin nan rami da famfo duka suka zama aikina.

Roƙona ba shi da yawa, ranka ya daɗe. A ƙara wa ruwan ƙarfi ya hau tudu, ko a rage wa masu ban ruwan ciyawa na sa'a guda da safe. In hakan ya gagara, to ina gayyatarka ranar Asabar da hantsi. Zan bi doka in cike ramin, famfonku yana ciki, bai kuwa kamata a binne shi babu dangi ko ɗaya a wurin ba. Ka zo da wuri don Allah, domin ana gamawa zan kai Inna tashar mota. Ka tsaya a gabanta ka gaya mata da bakinka cewa ɗanta ba maƙaryaci ba ne, ni dai ta daina ɗaga ido ta dube ni.

Allah ya ƙara maka girma, ya ba ka lafiyar gwiwa, ya sa kada tsufa ya same ka a gidan da ke saman tudu.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Akawu na gidan ƙarshe, Kaduna.