Na Zargi Ladi, Ashe Mai Rubuta Mini Wasiƙa Ne

Assalamu alaikum Edita, da masu karatu, da irina waɗanda sai an karanta mana. Ni tsohuwa ce a wani ƙauye tsakanin Funtuwa da Malumfashi, wata biyu ke nan da fita takaba. Wata malamar asibiti baƙuwa ke rubuta mini wannan, ko sunana ban gaya mata ba. Don Allah ku ji ni kafin ku zage ni, na gaji.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ɗana ya auri 'yar wani Bayarabe mai sayar da yadi ba da yardar ubansa ba. Maigidana ya kore shi, ya ce da ni duk ranar da na aika masa ko gaisuwa, a bakin aurena. Wace uwa za ta iya? Sai na riƙa ƙunsa kuka da daddawa in ba Ladi maƙwabciyata, ita ta miƙa wa wani mai awo a kasuwar Dandume, shi ya ba direban motar auduga, direba ya ajiye wurin wani tela a Zariya, inda ɗana ke karɓa. Ladi ba ta san na wa ne ba, tela bai san daga ina ba. Amma sai a yi wata uku ban ji ko ya isa ba, wani ƙunshin ma ya ɓace a hanya.

Ana nan Malam Isiyaku mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ya ce, "Hajiya, me ya kai ki hannu huɗu? Ki faɗa mini ni kaɗai, mako guda kin ji amsa." Na yarda. Shi ke rubutawa, shi ke karanta mini amsa, shi ke ajiyewa. Ban daina ba Ladi ƙunshi ba.

Ba a yi shekara ba maigidana ya sani, ya sake ni saki ɗaya, na yi wata biyar gidan wana kafin a mayar da aure. Wa zan zarga? Malami mai carbi, ko mace mai yawon kasuwa? A gidan suna, gaban mata, na ce Ladi munafuka ce. Ta ce, "Yaya, ni ko sunan mai karɓa ban sani ba, me zan faɗa?" Na ce ta rufe mini baki. Mata suka daina ba ta saƙo da ajiya, har ta koma Musawa.

Bayan rasuwar maigida ɗana ya dawo, muka buɗe akwatin ubansa, sai ga wasiƙu bakwai ɗaure da zare. Ya ce, "Inna, ai rubutuna ne. Wa kika ba ajiyarsu?" Na ce na manta. Ƙarya na yi, domin 'yata tana auren ɗan Malam Isiyaku, 'ya'yansu huɗu, kuma ɗana zuciyar ubansa gare shi.

Yanzu an ce Ladi na kwance, ba ta tashi. In na je neman gafara za ta tambaye ni to wane ne, kuma hakkinta ne a wanke ta gaban matan da na ɓata ta. In na faɗi sunansa, auren 'yata fa? In na yi shiru ta rasu, da wace fuska zan tsaya gaban Allah? Kullum sai na ɗauki mayafi in ce yau zan hau mota, sai in ajiye.

Jama'a, me zan yi?