Koren Jirgin Garzali

Tudun Wada, 9 ga Oktoba, 1976

Zuwa ga Yaya Haladu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Inna.

Yau kwana biyu ke nan ba a ga jirgin da ƙanenmu Garzali yake ciki ba. Ya tashi daga sansanin sojan sama ranar Alhamis da hantsi, shi da malaminsa, Laftanar Bature. Maganarsu ta ƙarshe a rediyo ita ce injin ya mutu, suna saman dajin Falgore. Jaridarmu ce ta turo ni. Ban gaya wa edita cewa ɗan'uwana ne ba.

Jirgi mai saukar ungulu ya kewaya dajin sau biyar. Matuƙinsa ya ce mini jirgin koyo ba ya wuyar gani, saboda fentin ruwan goro da ake shafa masa a fukafukai da wutsiya don irin wannan rana. Amma wannan an rufe nasa da kore saboda faretin ranar 'yancin kai, ba a kuma mayar ba. Damina ba ta gama janyewa ba, dajin kore shar.

Kai ne mai fentin jiragen sansanin. Me ya hana a mayar? Na ji ka taho gida. Ka ba Ɗanasabe direba, mai kawo maka wannan takarda, amsa.

Ƙanenka,
Ladan

Bebeji, 10 ga Oktoba

Ladan ƙanena,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba mu sa'a. Tambayar 'yan jarida ka yi mini, to ga amsa: ni ne.

Jirage huɗu muka shafa wa kore da fari. Ranar Litinin aka ce a mayar da ruwan goro. Na gama uku. Da na zo kan na huɗu, sai na ce wa oga injin feshi ya toshe, sai mako mai zuwa. Ƙarya na yi, lafiyarsa lau.

Ka san Inna. Tun da ruwan Tiga ya cinye garinmu aka dawo da mu nan, ba ta da abin kallo sai sama. Duk jirgin da ya wuce sai ta tambayi mutane, "Wannan ne na auta?" Jiragen kuwa kamarsu ɗaya. Na duba allon jadawalin tashin jirage na ga Garzali zai bi ta kan Tiga ranar Alhamis a wannan jirgin, sai na aiko mata cewa idan ta ga kore, shi ne.

Ta gan shi, Ladan. Ta bar tankaɗe ta fita bakin ruwa tana kaɗa mayafi. Kulsumu maƙwabciya tana tsokanarta, "Inna, ko so kike ya sauko ya ɗauke ki?" Ta ce, "Ke dai baƙin ciki kike yi. Ya gan ni, har ya karkato mini da fiffike."

Har yanzu ban iya gaya mata ba. Sai tambayata take me ya kawo ni gida ba Sallah ba, ba suna ba. Don Allah ka bincika mini abu ɗaya: ya gan ta kuwa?

Yayanka,
Haladu

Doguwa, 12 ga Oktoba

Yaya Haladu,

Ina gaishe ka da girmamawa. Bai gan ta ba.

Sojojin da ke nan sun ce darasin ranar na tuƙi da agogo ne, wato na'urorin awon jirgi. Ɗalibi yana kujerar baya, a ja masa labule ta ko'ina, ba ya ganin ƙasa balle sama, sai agogunan da ke gabansa. Malami ne a gaba yana kallon waje. Da ƙaramar Sallah Garzali ya gaya mini abin da ya fi wuya shi ne jikinka ya ce a miƙe kake, agogo ya ce ka karkace, kuma dole agogon za ka bi. Ya ce bai taɓa ɗaga labulen ba. Karkatar da Inna ta gani juyi ne da aka umarce shi ya yi a kan Tiga.

Ban aiko maka da zargi ba. Ni na rubuta a jarida cewa koren ya yi kyau, ya kamata a bar shi. Ban tambayi kowa amfanin ruwan goron ba, alhali tambaya ce sana'ata.

Yau wani makiyayi, Maikano, ya kawo guntun ƙarfe. Ya ce shanunsa ne suka ƙi wucewa ta inda ya tsince shi. Na kankare koren da wuƙa, ruwan goro na ƙasa. Maikano ya kai mu wurin. Jirgin yana cikin bishiyoyi, a inda masu nema suka bi ta kansa sau uku. Kujerun biyu babu su, ma'ana sun harbo kansu waje kafin ya faɗi. Ba mu ga kowa ba.

Ka gaya wa Inna, kada ta ji a rediyo.

Ladan

Bebeji, 13 ga Oktoba

Ladan,

Sannu da ƙoƙari. Na gaya mata duka, har labulen, har ƙaryata. Da na gama sai ta ce, "To, ni dai na gan shi." Tun lokacin tana kan tabarmar salla. Na rubuta wa oga gaskiyar maganar injin feshi.

Allah ya jishe mu alheri.
Haladu

Doguwa, 14 ga Oktoba

Yaya Haladu,

Bayan gaisuwa. Arɗon wata ruga a cikin dajin ya aiko. Mutum biyu suka sauko da lema ranar Alhamis ɗin. Ɗaya ya karye a cinya, an ɗora shi, yana rugar. Ɗayan ya fita neman taimako a ƙasa washegari, ba a sake ganinsa ba. Rafi ya kawo, mota ba ta shiga. Gobe da safe za mu taka.

Ka gaishe mini da Inna.
Ladan

Ƙari: Ɗan aiken bai tambayi sunan wanda yake rugar ba.